Maigidana Ya Auna Jinin Surukarsa

Tanti Huda, don Allah ki taimake ni kafin in rasa uwa saboda na'ura.

Maigidana Tanimu ma'aikacin biro ne, wato ofis, a unguwar Plateau nan Yamai, ko kaza bai taɓa yi wa allura ba. Bara aka tura shi ƙasar Filifin na wata uku, ya koyo yadda gwamnatinsu ke kula da lafiyar jama'a. Wasu turare suke kawowa tsaraba, shi na'urar awon hawan jini ya kawo, da surutu. Wai can kowane ɗan ƙasa yana cikin inshorar lafiya, kuma kowace unguwa akwai masu bi gida-gida suna auna mutane. Shi ke nan ya naɗa kansa wannan aiki a unguwarmu Bobiel. Mai ga-ruwa ya sha awo, mai gyaran firiji ya sha, har liman ya sake hanyar masallaci.

Duk na haƙura, sai Innata ta zo daga Tahoua. Shekara goma sha biyu Tanimu na gaishe ta daga bakin ƙofa, a durƙushe, ita kuwa ko sunansa ba ta faɗi. Ranar nan yana gama gaisuwa sai ya matso, ya kama damtsenta ya ɗaure, ya tambaye ta shekarunta da ko tana yawan fitsari. Tanti, na so ƙasa ta tsage in shige.

Awo ya nuna jininta ya hau sosai. Inna ta ce dole ya hau, tunda suruki ya riƙe mata hannu. Washegari ta koma gidan ƙanena Abdulaye, ta rantse ba za ta ga likita a kan maganar marar kunya ba. Tanimu kuma ya ce da a Filifin ne yabo zai sha. Ni tsoro nake ji, don ta daɗe tana fama da ciwon kai da jiri. Yaya zan yi?

Matar Likitan Dole, Yamai

Amsa:

'Yar'uwa, na yi dariya, amma jirin Inna ya tsayar da ni.

Tanimu bai yi ƙarya ba, tsarin yana da kyau. Sai dai masu bi gida-gidan nan galibinsu matan unguwa ne da aka horar, waɗanda tsofaffi suka sani. Na'urar ya ɗauko, ya baro ladabin a can. Inna ma tana da gaskiya, firgita na tada jini, amma ciwon kanta ya riga damƙar Tanimu.

Ki sa Tanimu ya tura kawunsa da goro a ba ta haƙuri, kuma kada kowa ya ambaci Filifin a wurin. Ke kuma ki je ki same ta, ki ce kin gaji da cika bakinsa, likita kaɗai zai iya ƙaryata shi a bainar jama'a. Za ki ga ta riga ki ɗaukar mayafi. Idan jini lafiya, ta kunyata suruki. Idan ya hau, ta samu magani daga hannun da ba ta jin kunyarsa.

Daga yau na'urar ta dawo hannunki, Tanimu ya koma bakin ƙofa. Allah ya ba Inna lafiya, ya bar liman ya koma tsohuwar hanyarsa.

Tanti Huda