Kan Babana da Suka Karanta a Juye

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya,
Yankin Smolyan.

Daga:
Zlatka Stoykova Manolova,
Gida na 14, ƙauyen Elhovina.

7 ga Agusta, 2023.

Game da: ƙin cika garantin rim huɗu da kamfanin motoci na Avto Dravena ya yi wa mahaifina, Stoyko Manolov, da abin da ya biyo baya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan ƙorafi ne a madadin mahaifina, ɗan shekara sittin da bakwai, wanda yake tsare tun ranar 24 ga Yuli. Ko da a sake yake ba zai iya yi maka bayani da baki ba. Shekara shida ke nan da likitoci suka cire masa maƙogwaro saboda ciwon daji, ta wani rami a wuya yake numfashi. Doguwar magana sai ya rubuta a ɗan littafinsa. I ko a'a kuwa, da kai yake amsawa.

1. Ranar 9 ga Oktoba, 2021, mahaifina ya sayi sabuwar mota a kamfanin da na ambata, da garantin shekara biyar wanda ya haɗa da rim ɗin alminiyam, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa manyan motocin katako a duwatsun nan, ya san abin da gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yake yi wa ƙarfe. Duk ranar da ya fita sai ya wanke ƙafafun motar nan da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano. Mahaifiyata, Radka, har tsiya take masa, wai ya fi goge wa motar ƙafa fiye da yadda yake goge tasa kafin ya taka mata daɓe.

2. A watan Maris na bana fenti ya fara kumbura a duka rim huɗun. Aka ɓare, sai ga farar tsatsa kamar garin alli. Tayar gaba ta dama ta fara sacewa. Mai facin garinmu ya duba, ya ce tayar lafiya lau take, bakin rim ɗin ne ya cinye.

3. Ranar 18 ga Afrilu kamfani ya kira mahaifina don dubawa. Manajan, Lachezar Donev, ya zo da wani injiniya baƙo daga ƙasar da ake ƙera motar, wanda ba ya jin yarenmu kuma ranar ya fara taka ƙasarmu. An ɗaga motar sama, littafin mahaifina kuwa yana cikinta. Baƙon yana ɗaukar bidiyo ya yi tambaya, Donev ya fassara: shin ka taɓa wanke rim ɗin nan da ruwan asid? Mahaifina ya ɗaga kai sama ya sauke, har da ɗan tsakin da muke haɗawa da shi.

Ranka ya daɗe, kai ɗan ƙasar nan ne. Jikar da ba ta yi haƙori ba ma ta san wannan a'a ce a wurinmu. Baƙon ya karanta irin ta garinsu, ya rubuta i. Shi ban zarge shi ba. Amma Donev a garin Devin na yankin nan aka yanke masa cibi, uwarsa ma da wannan ɗaga kai ta hana shi wasa da wuta. Yana tsaye ya ga abin da aka rubuta, ya yi gum. Wata ma'aikaciyar kamfanin, wadda ba zan rubuta sunanta ba sai ka tabbatar mini ba za a kore ta ba, ta ji shi bayan fitarsu yana dariya yana cewa, "Baƙo ya rubuta i, ni wane ne da zan gyara wa baƙo rubutu?"

4. Ranar 2 ga Mayu takarda ta iso. An ƙi garanti, wai mai mota ya amsa da kansa cewa ya yi amfani da asid. A sakin layi na biyu kuma suka rubuta cewa kwalliya ce kawai ta lalace, babu wani haɗari. Sau uku mahaifina ya rubuta musu, ko ƙala ba su ce ba. Kullum da safe yakan ƙara wa tayar iska ya fita, domin takarda mai hatimi ta ce ba haɗari, shi kuwa mutum ne da ya tashi yana yarda da hatimi.

5. Ranar Lahadi, 11 ga Yuni, da misalin ƙarfe goma na safe, mahaifina da mahaifiyata suna gangarowa daga dutse za su gidan ƙanwata. A kwanar da ke sama da gadar kogi tayar gaba ta dama ta sauka daga kan rim gaba ɗaya. Motar ta daki shingen ƙarfe, shingen ya tsinke, ya huda ƙofar dama ya shiga. Mahaifiyata ce a wannan ɓangaren, tana riƙe da tiren wainar dankali da ta gasa wa jikokinta. Ƙarfen ya shiga ta ƙarƙashin haƙarƙarinta. Mahaifina ya fito jini ya rufe masa ido, ya tsaya a tsakiyar titi yana buɗe baki, ba sauti. Minti arba'in tana kiran sunansa, shi ba halin amsawa, ba halin ihu a kawo ɗauki, sai dukan bayan motar yake da hannu ko wani zai ji. Ta rasu ranar 13 ga wata.

6. Mun yi addu'ar kwana arba'in ranar 22 ga Yuli. Ranar Litinin 24 mahaifina ya ɗauki rim ɗin baya guda, ya hau bas, ya kai shi teburin Donev ya dire, ya ajiye hoton mahaifiyata a kai. Mutum biyar suna wurin lokacin da Donev ya jingina da kujera ya ce, "To, tsoho, in akwai magana ka faɗa mana, ga mu muna saurare."

Ba zan ɓoye abin da ya faru ba. Mahaifina ya ɗaga rim ɗin da hannu biyu ya sauke masa a fuska. Muƙamuƙi ya karye, haƙora shida suka zube a kan takardunsa. Ya yi laifi, bai musa ba, zai kuma ɗauki hukuncinsa. Allah ya sani ban yi kuka ba da na ji labarin haƙoran nan, kuma ba zan yi ƙaryar na yi ba. Amma masu gadi biyu sun kayar da shi, sun yi ta ƙwallo da shi bayan ya saki ƙarfen, suka karya masa haƙarƙari uku. Ɗayansu ya danne masa wuya da gwiwa a daidai ramin da yake numfashi, har fuskarsa ta yi baƙi. Suna ta ce masa ya ce ya daina. Da me zai ce?

7. Abin da ya hana ni barci shi ne tuhuma ta biyu. Mai gabatar da ƙara ya ɗauki takardar kamfani ta 2 ga Mayu, ya ce mahaifina da hannunsa ya lalata rim ɗin, don haka sakacinsa ne ya kashe matarsa. Shekara arba'in da huɗu suna tare. Tun da aka karanta masa wannan tuhuma ya daina rubutu, abincin da nake kai masa yadda na kai haka nake ɗaukowa.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka abu uku. A karɓo bidiyon 18 ga Afrilu daga kamfani kafin ranar 18 ga wannan wata, domin an shaida mini bayan wata huɗu suke gogewa, kwana goma sha ɗaya ke nan suka rage. A sa masanin da ba ya cin albashin kamfani ya gwada rim ɗin, biyu suna hannun 'yan sanda, biyu suna gidanmu. Sannan a soke takardar 2 ga Mayu a rubuce, a aika wa kotu. Sababbin rim ba ma so, kamfani ya riƙe kayansa.

Ba na neman a kira wani ƙwararre don bidiyon. Ka kira mai sharar ofishinka, ka kunna mata, ka tambaye ta abin da tsohon ya ce.

Ranar 12 ga Satumba alƙali zai tambayi mahaifina ko ya amsa cewa shi ya kashe Radka. Zai ɗaga kai sama ya sauke. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, wannan karon a rubuta abin da ya faɗa.

Ka huta lafiya. Taka mai biyayya,

Zlatka Stoykova Manolova
(sa hannu)

Haɗe da: kwafin garanti, takardar kamfani ta 2 ga Mayu, wasiƙun mahaifina uku, takardar shaidar rasuwa.