Kwamfutar da Kuka Kawo Mana Kabo da Rahoton da Ya Ɓata Mini Suna

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin da ya sayar wa makarantarmu kwamfuta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, da fatan kasuwa tana albarka. Sunana Isiyaku Haruna. Ina zaune a Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo, ina aikin buga takardu a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙasar Kabo. Shekara goma sha tara na yi a kan tafireta kafin kwamfutarku ta zo. Sau biyu na rubuto maka ta hannun direbanka ban ga amsa ba, shi ya sa na biyo ta jarida. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, amma ka san da kai nake.

Ga yadda abin ya faru.

1. Bayan kakar bara, ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karo ta sayi kwamfutar tebur guda ɗaya a wurinku. Ka san halin tsuke bakin aljihu da ake ciki. Wasu iyayen ma dawa suka kawo aka kai kasuwa. Takardar da ta zo da kwamfutar, mai hatimin kamfaninka, ta ce sabuwa ce fil, kuma memorinta megabait ɗari biyu da hamsin da shida ne. Aka tura ni Kano na yi kwas na mako shida, na dawo aka damƙa mini makullin ofis.

2. Ba ta cika wata guda a hannuna ba ta fara ba ni wahala. Da zarar na buɗe takardar makin ɗalibai, na kuma buɗe wata wasiƙa a gefe, sai ɗan akwati ya fito a fuskarta da saƙon Turanci mai cewa memorin aro ya yi ƙasa. Daga nan linzamin kwamfutar ya daina motsi, faifan ciki ya yi ta gurnani, dole in kashe in sake kunnawa. Duk abin da ban adana ba ya tafi ke nan. Mu kuwa lantarki ba ya zuwa mana sai jefi-jefi, janareta kuma kwana biyu ake tayar da shi a mako, Talata da Alhamis. Akwai Alhamis ɗin da na shigar da makin aji guda sau uku, mai ya ƙare ban fitar da takarda ko ɗaya ba.

3. Shugaban makaranta ya sanar da ku. Ma'aikacinku ya zo ya zauna a gabanta bai kai rabin awa ba, ya kuma ƙi yarda in tsaya in ga abin da yake yi. Bayan mako guda rahotonsa ya iso: wai kwamfuta lafiyarta ƙalau, mai aiki da ita ne ya cika ta da finafinan da ba su dace ba, saboda haka garanti ya faɗi.

4. Alhaji, kai ma a jihar nan kake, ka san nauyin irin wannan magana tun da aka ƙaddamar da Shari'a. An ba ni takardar tuhuma, an karɓe makulli. Maganar ta riga ni isa gida. Ni nake jan salla a masallacin layinmu duk ranar da liman ba ya nan. Ranar da ya tafi ta'aziyya Gwarzo, ladan ya tayar da iƙama, na matsa gaba kamar kullum, sai wani dattijo ya riƙe mini hannun riga a hankali ya ce, "Malam Isiyaku, yau bari wani ya ja mu." Na koma sahu. Maiɗakina ta daina zuwa suna da biki saboda kallon da ake yi mata. Ba ni kaɗai abin ya taɓa ba. Wata biyu ofis yana rufe, takardun shaidar ɗaliban da suka gama suna cikin kwamfutar. Wani bawan Allah, Malam Jauro, ya zo daga Gammo a kan keke har sau uku yana neman takardar 'yarsa da za ta shiga makarantar ungozoma. Kafin a buɗe ofis an rufe karɓar takardu. Tana gida sai baɗi.

5. Wadda ta warware lamarin ita ce Malama Rifkatu, malamar lissafi, mutuniyar Filato da ta shekara goma sha ɗaya tare da mu, ta kuma karanci kwamfuta a jami'a. Ta roƙi shugaban makaranta a duba na'urar a gaban shaidu. Aka zauna da shi, da shugaban ƙungiyar iyaye, da ita, da ni. Ba a kwance ko noti ɗaya ba. Ta fara yi mana bayani cewa memori shi ne inda kwamfuta take riƙe aikin da ke hannunta. Idan ya cika sai ta ari wuri a faifan ajiya ta ci gaba, wannan wurin shi ne memorin aro. Saƙon yakan fito idan memorin ya yi kaɗan, ko faifan ya cika, ko an ƙayyade wurin aron ya yi ƙanƙanta. A tamu kwamfutar duk ukun aka tarar.

Da ta buɗe shafin da kwamfutar ke bayyana abin da ke cikinta, memori megabait sittin da huɗu muka gani, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuka rubuta. Da ta duba faifan ajiya, ya kusa cika, amma ba fim ko ɗaya. Abin da ya cika shi takardun wani kamfani ne na ƙasar waje, cikin harshen da babu mai iya karantawa a cikinmu, kuma kwanan watan da ke jikinsu ya girmi zuwan kwamfutar makarantarmu da shekara uku. Wurin aron kuwa wani ne ya ɗaure shi da hannu a kan ɗan ƙaramin adadi. Sai shugaban iyaye, wanda manomi ne bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ya tambaya ta ina ake zura faifan fim ɗin. Aka duba. Ba ta da wurin sa faifan sidi, ba ta da lasifika, makarantar kuma ba ta da layin waya. Ramin filofi kaɗai gare ta, ɗan faifan da ko fim ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

6. Malama Rifkatu ta share tarkacen wucin gadi, ta zubar da kwandon shara, ta hana manhajojin da ba ma bukata tashi tare da kwamfutar, sannan ta saki wurin aron ta bar na'urar ta riƙa auna wa kanta. Takardun baƙin ba ta taɓa su ba, suna nan don shaida. Yanzu ina aiki da takarda ɗaya a lokaci guda, ina adanawa bayan kowane layi biyar. Saƙon ya ragu, amma yakan dawo idan na tura aiki mai yawa ga firinta. Ta ce ba zai daina ba sai an ƙara memori.

7. Shugaban makaranta ya janye tuhuma ya mayar mini da makulli, na gode masa. Sai dai rahoton kamfaninka yana nan cikin fayil ɗina da hatiminku. Mutanen da suka ji zargin sun fi waɗanda suka ji wankewar yawa nesa ba kusa ba.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Ka janye rahoton nan a rubuce, kwafi ɗaya ga makaranta, ɗaya gare ni, in kai wa limaminmu ya karanta wa jama'a. Ka kawo kwamfutar da iyaye suka biya, ko aƙalla ka cika memorin ya kai abin da takardarku ta faɗa. Sannan ka turo wanda zai duba abin da na lissafa da idonsa a gaban shaidun nan, ranar Talata ko Alhamis, don a samu wuta.

An ba ni shawara in kai ƙara kotu. Ban kai ba tukuna, domin mai yiwuwa ne kai kanka ba ka san abin da aka fitar daga shagonka da sunanka ba. Ma'aikacin naka ma na san sunansa, na san garinsu, da gangan na ƙi rubutawa. Yana da iyali, kuma na ɗanɗana yadda mutum yake ji idan sunansa ya shiga bakin gari.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya haɗa ka da ma'aikata masu amana, ya ba ka ikon gyara abin da ya ɓaci.

Wassalam.

Isiyaku Haruna,
Unguwar Tudu, Gwarzo.