Farar tsutsa da bakin Caidi

Litinin, 4 ga Mayu, 1987
Caidi, matata, tana yanka wa tsutsar alharini ganye, sai bakinta ya karkace hagu. Iska ce. Na ga irinta sau uku tun ina yaro.
'Yarmu Yinfeng ta ce a ɗauko kwale-kwale, a kai ta asibitin birni. Na ce a watan tsutsa? Ga jar takarda a ƙofa, ba shiga ba fita sai sun yi saƙa. Ta ce, "Baba, tsutsa ce ta haife ni?" Bakin uwarta ta gado.

Talata, 5 ga Mayu
Maganin yana kaina, kakana ya bar min. Ba wanda ya rage a ƙauyen nan da ya san shi. Tsutsar da farar cuta ta kashe ta sandare, a soya da dusa, a daka, a sha da ruwan citta. Ta kanti ƙarya ce, a toka suke turbuɗa ta don ta yi fari. Ina da tsohuwar tsutsa irin wannan guda ɗaya a gora. Na murtsuke ta a kan faifai ɗaya na tsutsotsi masu rai, na kai shi lungu. Kwana shida su kamu da cutar.

Alhamis, 7 ga Mayu
Kunun shinkafa yana zubo mata ta gefen baki. Na ce, "Tsohuwa, yau kin fi kyau, da rabin baki kike zagina." Ta yi dariya da ido ɗaya.

Asabar, 9 ga Mayu
Hannunta na dama ya daina ɗaguwa. Yinfeng ta durƙusa a gabana tana roƙon a kai ta asibiti. Na ce saura kwana biyu.

Litinin, 11 ga Mayu
Tsutsotsin lungu sun yi fari, sun sandare kamar alli. Na karya ɗaya, cikinta baƙi mai sheƙi, yadda kakana ya ce. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na dama na ba ta. Ta kasa haɗiya, ta shaƙe har fuskarta ta yi baƙi.

Talata, 12 ga Mayu
Farar cutar ta tsallaka zuwa sauran tsutsotsin. Faifai goma sha huɗu, duk fari. Ɗakin shiru, da can kuwa cin ganyensu kamar yayyafi. Magani ya isa lardi guda, wadda aka yi dominta ba ta iya haɗiyar cokali.

Laraba, 13 ga Mayu
Yinfeng ba ta tambaye ni ba. Ta goya uwarta zuwa bakin ruwa. Ni na tuƙa kwale-kwalen, don ba ta iya juya shi a ƙarƙashin gadar dutse ba.
Likitar, ƙaramar yarinya, ta ce, "Kaka, yaushe abin ya fara?" Na ce kwana tara. Ta ajiye alƙalami ta dube ni. Jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, in ji ta. Maganar da ta ɗauke wa Caidi ba za ta dawo ba. Yinfeng ko kallona ba ta yi ba.

Lahadi, 31 ga Mayu
Mun dawo gida. Caidi tana bina da ido. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Juma'a, 19 ga Yuni
Maƙwabcinmu Shuigen ya zo a guje, bakin yayansa ya karkace tun safe. "Kawu Agen, kai kaɗai ka san haɗin nan, taimaka." Tulu biyu cike da maganin suna bayan ƙofa, yana jingine da ɗaya.
Na ce masa tsufa ya zo, na manta.
Ban manta ba. Har awon cittar ina sane.
Na kwance masa kwale-kwale, na ce ya kai shi asibiti, ya bi ta gabas, ta fi sauri.