Ƙusoshi Bakwai a Gadar Ƙarfe

Laraba da dare, watan Maris, 1959

Barci ya ƙi zuwa. Da ni ma, kamar kowa, na ɗauka in nakiya ta tashi kusa da gada ba ta faɗi ba, to lafiyarta lau. Ashe ba haka ba ne.

Bayan la'asar na hau keke na je duba gadar ƙarfen da babbar mota za ta bi da ɗalibaina talatin ranar Asabar, zuwa wasan ƙwallo. Kwana huɗu ke nan masu aikin hanya suna fasa dutse da nakiya a gindinta. Na tarar da Baba Ɗanladi, tsohon helumansu, wato shugaban leburorin, yana bin ƙusoshinta da guduma.

Na ce, "Baba, ai ga ta tsaye, ko fenti bai ɓare ba."

Ya yi dariya. "Malam, ku 'yan boko da ido kawai kuke karatu. Kawo yatsanka."

Ya ɗora yatsana a kan wata ƙusa, ya bugi gefenta. Sai na ji ta motsa, kamar haƙorin yaro mai shirin famfara. Ya ce girgizar nakiya ce ke sassauta su. Bakwai ya samu yau, kuma injiniya ya ce gyara sai mako mai zuwa.

Yaran nan tun jiya suka wanke rigunan wasa. Na san in na ce a fasa tafiyar, hedimasta zai ce tsoro ne ya kama ni. To, gobe da sassafe zan roƙe shi mu je gadar tare. Ya ɗora nasa yatsan, sannan in zai iya, ya ce mu tafi.