Bulon da Na Bari da Yashi

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Aiki ya samu. Muna tsaye bakin hanya a unguwar Jadid, nan Sabha ta Libiya, inda ake ɗaukar leburori, wani dattijo ya tsaya da farar mota ya ce magini yake nema, wanda ba shi da yawan surutu. Hama abokin ɗakina ya turo ni gaba, wai ga kurma nan, Salissou ko an taka shi ba ya magana. Sunan mutumin Haj Miftah, gidansa a unguwar Abdulkafi. Ɗaki ne guda can bayan gida, cike da tarkace. A kwashe, a daidaita ƙasa, a toshe taga.

Taga. Na sake tambaya, ya ce e, a toshe ta da bulo, a bar 'yar kafar iska can sama inda ba a iya leƙe.

Na ce to kawai. Ai don haka aka ɗauke ni.

Litinin, 7 ga Oktoba

Wai ɗakin keke ne.

Haj ya zaunar da ni a inuwa, ya ba ni shayi, ya buɗe waya yana nuna mini hotuna. Wani ƙarfe ne da ake ɗora keke a kai, a yi ta tuƙi ba a zuwa ko'ina. Iri biyu yake dubawa. Ɗaya tayar baya ce ke gogar wani ɗan gangan ƙarfe, ya ce wannan ya fi araha amma yana cin taya, kuma yana da ƙara. Ɗayan kuwa cire tayar baya ake yi ɗungurungum, a ɗaura sarƙar keken a jikin injin. Wai injin yana magana da allon waya ba tare da igiya ba, idan hanyar da ke cikin allo ta hau tudu shi ma sai ya yi nauyi da kansa. Ya tambaye ni wanne na ga ya fi ƙwari, kamar ni ne na ƙera su.

Na ce duk wanda ya zaɓa daidai ne. Ya ce shi dai babban abin da yake so wanda ba a jin ƙararsa daga waje. Sau biyu ya faɗa. Kuma kada in yi zancen aikin nan da kowa a unguwa.

Mutumin nan tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, ga gwiwa tana damunsa. Shi da keke? A ce mini wani abu dai.

Talata, 8 ga Oktoba

Na san irin ɗakin nan. Shekarar da na shigo ƙasar nan daga Tanout ta Nijar na zauna a gidan bashi, nan cikin Sabha, inda ake kulle baƙi sai 'yan uwansu sun fanshe su. Tagar a toshe take. Ƙasa an shimfiɗa roba don wanki ya yi sauƙi. Akwai ƙusa a bango da ake rataye waya, a kira gida, uwa ta ga abin da ake yi wa ɗanta. Ba na son rubuta sauran.

Maginin da ya toshe waccan tagar ma wataƙila ɗan garinmu ne. Wataƙila shi ma shayi aka ba shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Haj ya kawo robar shimfiɗa baƙa mai kauri. Wai don zufa, kuma don kada ƙasa ta riƙa amsa ƙara. Ya kawo fanka babba ta tsaye. Ya ce in kafa ɗan katako a bango daidai fuskar mutum, inda za a jingina allo. Ya kira wani ya ja masa layin intanet har cikin ɗakin.

Roba, allo, intanet, taga a toshe. Na kafa katakon, sai da na sake shi saboda ya karkace.

Da yamma na gaya wa Hama, duk da an ce kada in gaya wa kowa. Ya yi dariya har shinkafa ta sarƙe shi. Ya ce, "Kai wanga tsoro naka ya yi yawa. Masu kuɗi haka suke, su sayi keke su cire mishi ƙafa." Amma da ya gama dariyar ya ce in dai riƙa barin wayata a kunne.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bassira ta kira daga ƙauyen Zighan. Ƙanwata ke nan, ita da bakinta. Tsinkar dabino ta kusa ƙarewa, mai gonar ya ce bayan wannan watan ba shi da aikin mata. Yaranta biyu na gida wajen Inna tun rasuwar mijinta, ba za ta koma hannu sake ba. Ta ce wani mutum yana haɗa mata zuwa Tarabulus aikin gida, ba sai ta biya mota yanzu ba, in ta isa a cire a albashi.

Na san wannan waƙar, da ita aka kai ni inda aka kai ni. Na yi mata faɗa sosai. Ta ce to in nemo mata wani abu a Sabha, in ba haka ba ita dai ta gaji da jira.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kamar sun ji mu. Hajiya matar Haj ta aiko min abinci, ta tsaya bayan labule ta tambaya ko na san wata mace mai hankali daga ƙasarmu da za ta taya ta aikin gida, da wurin kwana a nan cikin gidan.

Me ya sa yanzu? Me ya sa ni? Na ce zan duba. Ban gaya wa Bassira ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na toshe tagar yau. Gini mai kyau, ba wanda zai kushe. Sai dai bulo ɗaya, na jere na uku daga ƙasa, ta ɓangaren lungu, ban sa masa siminti ba. Yashi na cusa, na shafe fuskarsa da ɗan kwaɓi siriri ciki da waje. Wanda ya dafa shi da ƙarfi zai motsa.

Wani tsoho daga Tessaoua ya koya mini wannan muna kulle tare. Ya ce maginanmu in an sa su irin wannan aikin, kuma ba su da halin ƙi, haka suke yi, ko na ciki ya samu iska, ko ya samu hanyar kiran mutane. Mun lalube bangonmu kaf a lokacin, ba mu samu ba. Nawa dai za a samu.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Sakata. Ya ce a sa ta daga ciki. Na ce Haj, daga waje dai? Ya dube ni kamar na sha wani abu, ya ce daga ciki, ya usta, haka suke kiran mai sana'a a nan. Na sa.

Na yi ta juya abin a raina. Wataƙila don kada a shigo musu suna tsakiyar aiki ne.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kayan sun iso daga arewa a kwali, nauyi kamar buhun siminti. Na biyun ya saya, mai cire taya. Da keke siriri mai launin shuɗi, wanda za ka ɗaga da yatsu biyu. Muka haɗa, yana karanta takarda yana gumi, ni ina riƙe ƙarfe. Injin ya ɗan yi rawa a gefe guda, na sa masa ɗan ɓallin tayil a ƙarƙashi ya zauna daram. Sai ya ce in hau in gwada.

Na hau. A allon ga hanya, ga ciyawa kore, ga wasu mutanen zane suna wuce ni. Hanyar ta fara hawa, wallahi sai ƙafata ta yi nauyi kamar ina tura baro cikin rairayi. Haj yana tafi yana cewa yalla, yalla. Na sauko ina haki.

To, abin yana aiki. Na yarda akwai keke. Amma sirdin ya yi mini ƙasa, ni da ba dogo ba, kuma da na miƙa hannu zan ɗaga shi ya ce in bar shi yadda yake. Ba don shi aka saita shi ba ke nan. Akwai kuma wata ɗamara da ake ɗaura wa mutum a ƙirji, wai tana nuna bugun zuciya a allo. Don me kake son sanin bugun zuciyar wani?

Alhamis, 24 ga Oktoba

Bassira ta ce motar mutumin nan za ta tashi farkon wata. Ta ce, "Yaya, ka ce kar in tafi, ka ce kar in zauna. Mi kake so in yi?" Na kashe wayar.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ina gyaran bangon tsakar gida, aikin da ya ƙara mini. Bayan la'asar na ji ƙofar ɗakin ta rufe, na ji sakata. Fanka ta tashi. Can sai numfashi, sama-sama, irin na wanda ake matsa wa. Muryar mace ce. Sai muryar Haj yana cewa a ƙara, a ƙara, saura kaɗan.

Cokalin gini ya faɗi daga hannuna. Hajiya na kicin tana soya albasa kamar ba komai. A wancan gidan ma akwai mai soya albasa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na yi abin.

Da na ji an sake rufe ƙofa bayan la'asar, na ce zan je sayo ƙusa, na zaga lungu. Ba kowa. Na durƙusa, na kankare kwaɓin da wuƙa, na ja bulon a hankali. Na riga na kunna kamarar waya, na ce ko me na gani zan ɗauka in kai wa shugaban 'yan ƙasarmu.

Yarinya ce budurwa a kan keken, ta ba ni baya, ta miƙe tsaye a kan feda tana hawan tudun nan na allo, gashinta a ɗaure, rigarta jiƙe sharkaf. Haj na zaune kan kujerar roba a gefe, tawul a kafaɗa, gorar ruwa a hannu, ya kafa wa allon ido. Da ta kai saman tudun ta faɗa kan sirdi tana haki tana dariya, shi kuma ya ɗaga gorar sama kamar shi ya hau. Ta nuna wata matar zane a allon ta ce, "Baba, na wuce ta!" Ya ce ya gani, ya gani, ta rage murya kada baffanninta su ji ta katanga.

Na mayar da bulon. Na goge wayar duk da ban ɗauki komai ba. Na tashi na bar lungun.

An toshe tagar nan don kada wani ƙato ya leƙi 'yar mutane, kuma ƙaton farko da ya leƙa ni ne.

Talata, 29 ga Oktoba

Ban tambaya ba, Haj ne ya faɗa da kansa, muna shan shayi. Zaituna sunanta, autarsa. A Tunis ta yi karatun haɗa magani, can ta koyi keke har tana shiga tsere da mata. Da ta dawo Sabha ba hanyar da mace za ta hau keke a titi, 'yan uwansa kuma gidajensu manne da nasa, bakinsu ba ya hutawa. Ya ce tun dawowarta ba ta cin abinci sosai, ba ta magana, sai kallon bango. Ya yi watanni yana bincike a waya kafin ya gane wane inji zai saya.

Ya ce, "Ka yi aiki mai kyau, ya usta. Ko sauro ba zai leƙo ta bangon nan ba."

Na ajiye kofin shayin ban ƙarasa ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na kira Bassira. Na ce akwai wani gida a Abdulkafi, ta zo ta gani, ban ce ta zauna ba. Ta ce tun yaushe na san da gidan? Na ce ta bar tambaya ta nemi mota.

Hama ya ce to ina gidan bashin nawa? Na ce ya ci abincinsa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Da sassafe na kwaɓa siminti kaɗan a bokiti na zaga lungu. Na zare bulon, na share yashin, na ɗaure shi da kyau, na shafe. Haj ya fito ya same ni, na ce tsagewa na gani. Ya ce Allah ya yi albarka. Ba wai na yarda da mutanen nan gaba ɗaya ba ne, shaguna biyu gare shi, har yanzu ban san me yake sayarwa a na biyun ba, kuma na gaya wa Bassira wayarta kada ta mutu ko da minti ɗaya.

Kwananta biyu a gidan. Ɗazu da rana ta fito bakin ƙofa karɓar sabulun da na kawo mata, tana tafiya tana ɗingishi. Na ce me suka yi miki? Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Wai Zaituna ce ta ɗora ta a keken jiya, ta ɗaura mata ɗamarar, ta nuna mata yadda ake yi, sannan ta fita ta bar ta ita kaɗai don kada ta ji kunya. Cinyoyinta ne ke ciwo. Wai wata mata daga wata ƙasa ta ɗaga mata hannu a allo.

Na ce ita kaɗai, a ɗakin da ba taga? Ba ta ji tsoro ba?

Ta ce, "Yaya, ai sakatar daga ciki take. Tun da na shigo Libiya ban taɓa rufe ƙofa da hannuna ba sai jiya."

Na ce ta shiga ciki, rana ta yi zafi. Ni na kafa sakatar nan. Gobe in na je zan ƙara mata mai, na ji tana ɗan cijewa.