Kujerar Bayan Keke

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ciwon bayan kuma ya yi sauƙi. Maigidana yana gaishe ka. Jikarka, amaryar taka, ta ce in gadon 'yar tsanar da ka yi mata alkawari bai iso ba, ta fasa auren.

Baba, sakamakon gwajinta ya fito. Kafaɗar nan tata da ke yawan gocewa ba ƙiriniya ba ce. Likita ya ce wani ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, yana sa abin da ke riƙe gaɓoɓi da jijiyoyin jini ya yi laushi, kuma gadonsa ake yi. Da ya tambayi ko akwai mai irinsa a gidanmu, na ba shi labarin ƙanena Dogo: tsawonsa, hakinsa, da yadda ya yanke jiki ya faɗi a shagonka yana ɗan shekara sha tara. Sai ya ajiye biro ya ce da alama wannan ciwon ne ya yi ajalinsa.

Masu wannan ciwo suna da ƙungiya. Asabar ɗin ƙarshen wata za mu yi tattaki, jama'a su ɗauki nauyin kowace kilomita, a tara wa yara kuɗin hoton zuciya. An ce kowane gida ya zaɓi hanyarsa. Na zaɓi daga ƙofar gidanmu zuwa shagonka. Don Allah ka taka tare da mu.

Allah Ya ƙara girma.
'Yarka.

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Allah Ya ba yarinya lafiya. Abin da ya sawwaƙa na aiko a hannun direba, ki sa a asusun.

Zuwa kuwa ba zan zo ba. Duk titunan garin nan ki rasa wanda za ki zaɓa sai wannan? Na gane nufinki sarai. So kike in bi ta gaban tela da mai walda da masu faci, ana nuna ni da baki. Dogo kwanansa ne ya ƙare. Ni ba likita ba ne, kafinta ne. Na ga yaro zarto yana suɓuce masa, na ce tafiyar ƙasa za ta ƙarfafa shi, shi ya sa na hana shi hawa bayan kekena. Haka ubana ya yi mini. Ki bar wanda ya kwanta ya huta.

Ki gaida maigidanki.
Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri.

Wallahi ba don in kunyata ka na zaɓi hanyar ba. Ni ma na ce masa rago, ba sau ɗaya ba. Ni ce nake kai maka ƙara in na same shi zaune a dakalin tela. Wannan abin yana cin raina kullum.

Amma yau ba maganar Dogo nake ba. Likita ya hana jikarka doguwar tafiya, an ce ta jira mu a bakin shago. Ta ƙi. Jiya ina ɗaura mata bandeji ta ce, "Mama, ai Kaka ya ce Kawu Dogo rago ne, ba ya iya zuwa shago da ƙafa. Ni zan je, don Kaka ya san ni ba raguwa ba ce." Shekararta bakwai, Baba. Har ta fara zagaya tsakar gida a ɓoye tana gwaji, shekaranjiya gwiwarta ta kumbura. Na yi faɗa, ubanta ya yi lallashi, a banza. Ina tsoron abin da za ta yi wa kanta. Daga bakinka ta ji, kuma bakinka kaɗai za ta yarda da shi.

Ka yafe mini in na yi tsauri.
'Yarka.

'Yata,

Ina amsawa. Jiya da safe na bar keke a gida na taka hanyar. Sau uku ina zama. Tela ya fito mini da ruwa, ya nuna gefen dakalin ya ce nan Dogo yake jingina. Ashe kilomita huɗu ce. Shekara shida ina ce wa yaron nan ai nan da can ne.

Gadon 'yar tsana sai wani watan. Katakon na yi kujera da shi, mai majingini da katifa, na ɗaure a bayan keken. Ki ce wa amarya angonta ya hana ta taka ƙasa, ni zan tura ta har shago. Maganar kawunta kuma ki bar mini, ni zan gaya mata da bakina, a dakalin.

Sai Asabar.
Babanki.