Littattafan da Aka Naɗe da Bayan Kalanda

Zuwa ga Malam Shugaban Kwamitin Ɗakin Karatu na 'Yan Gida, Ainu Shams, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah gafarta Malam, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Ni ce Rumaisa, yarinyar nan da ke zama a lungun taga ranar Asabar tana karanta wa ƙanana labari. Na zo bakin ofishinka na tsaya, na koma, na sake dawowa, na juya ban shiga ba. Shi ya sa na rubuta na manna a allon sanarwa, iyayen yaran ma su gani.

Na ɗaya. Makon jiya kwamiti ya ce a kwashe littattafan soyayya daga ɗakin karatu. Ba wannan na zo musu a kai ba, ko da yake ina cikin masu karanta su, kowa ya sani. Amma 'yan'uwan da aka sa aikin ba su buɗe ko guda ba. Duk wanda suka ga an naɗe da bayan kalanda, fari fat babu suna, sai cikin kwali, don sun san haka 'yanmata ke ɓoye bangon nasu. Malam, Ummata ce ta koya mana wannan naɗin, kuma ba don ɓoyo ba. Haka kakata take yi tun tana koyarwa a firamare a Gusau, kada bango ya yage. Mu 'yanmata ne muka ara muka mayar da shi abin ɓoyo.

Na biyu. A cikin kwalin nan akwai littattafai biyar na gidanmu, aro muka ba ɗakin karatu. Tsofaffin labaran yara ne na Turanci, a kan wasu iyali da suka ɗora kayansu a amalanke suka nausa daji, suka sare itace, suka kafa gida inda babu maƙwabci ko ɗaya. Babu saurayi a ciki. Akuya ce dai, da gatari, da uwa mai ƙulla tsumma ta yi wa 'yarta 'yar tsana. Kakata ta karanta wa Umma tana juya mata da Hausa, tana cewa haka mahaifinta ya sari dajin da ya zama ƙauyensu. Saman kalmomi masu wuya duk ta rubuta Hausarsu da fensir. Ta rasu muna nan Masar, ba mu samu zuwa ba. Lokacin dokar hana fita, da muke kulle a ɗaki muna jin ƙarar gari, da su Umma ta riƙe mu. Har Abba, da ya ce shirme ne, sai ya rufe kundinsa ya matso.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Bawwab, mai gadin ginin, ya ce wa yayana kwalin yana saman bene, kuma an yi wa mai robabikiya, mai sayen tsofaffin kaya, alkawarinsa, ranar Juma'a bayan an sauko zai zo da kekensa. Takarda a wurinsa kilo ce. Tun da na ji, ko wani mai kiran “bikiya” ne ya wuce layinmu sai na tsinci kaina a baranda. Jiya na sayi ta'amiyya, ƙosan nan na Masar, na kasa ci sai da na warware takardar da aka naɗe ta na duba ko rubutun kakata ne. Umma ta ce ma'alish, khalas, wato haƙuri, ya wuce, a bar wa Allah. Amma na ga ta ɗauko kalandar bara tana ta shafa ta, babu abin naɗewa.

Don haka ina roƙo, da ladabi:

A dakatar da mai robabikiya kafin Juma'a.

A sauko da kwalin, a buɗe kowane littafi gaban Malam. Na soyayyar, a yi yadda kwamiti ya ga dama, har nawa guda biyu. Ba zan yi kuka a gaban kowa ba.

A dawo da biyar ɗin nan kan kanta. Na yi alkawarin rubuta suna a bayan kowanne da babban baƙi.

Allah gafarta Malam, Asabar ɗin da ta wuce mun tsaya daidai inda uban gidan ya shiga rijiyar da yake haƙa, ƙasa ta fara zubo masa, matarsa na riƙe da igiya. Bayan nan yara sun zo sun tarar da kantar littattafan wayam. Har a hanyar makaranta suna tare ni suna tambaya ko ya fito. Na san ƙarshen, amma ba na so su ji shi da bakina kawai, ina so su ga inda kakata ta rubuta “igiya” da hannunta. Mutumin nan yana ƙasan rijiya tun Asabar, Malam. A taimaka mu fito da shi.

Allah ya ƙara wa Malam ilimi da lafiya, ya raya masa zuriya, ya mayar da mu gida lafiya baki ɗaya.

Wassalam.

'Yarku,
Rumaisa